Akwati na Bakwai

Ranar farko: Shandi zuwa Umdurman

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito daga makarantar da aka sauke mu a Shandi, ba a ma kira sallah ba. Maiɗakina Rabi ta rako ni bakin ƙofa, ta miƙo mini ƙullin dabino da gorar ruwa. Ba ta ce in gaida kowa ba, don ba mu san wanda ya rage ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Idan ba ka same shi ba, ka dawo. Kada ka tsaya nema."

Akwati zan je nema. Sunana Abdurrahman, kafinta ne ni, na yi shekara talatin da ɗaya ina aiki a Alshajara, wata unguwa a kudancin Khartum, kafin yaƙi ya tashe mu. Kakana daga Kano ya taso a ƙafa, ya sauke farali, da ya dawo sai ya zauna a nan. Ina da 'ya ta fari. Kun san al'adarmu, ba a kiran sunan ɗan fari, ga shi kuma sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka tun ranar suna bakina bai taɓa furta shi ba. Uwani nake ce mata. Karatun ƙwari ta yi a jami'a. Kwalara ta ɗauke ta a Shandi a daminar bara, cikin kwana biyu. A rana ta biyun ta ce mini, "Baba, akwati na bakwai yana cikin rufin ɗakin aikinka. Ka kai wa Daktora Ilham." Na ce to. Sai bana hanya ta buɗe.

Na yi sallah a tasha. Bas ta tashi shida saura kwata, muka ƙetare gada zuwa Matamma, muka kama hanyar yammacin kogi muka yi kudu. Tafiyar kilomita ɗari da saba'in ce da 'yan kai. Shingen bincike bakwai muka wuce. A kowanne sai kowa ya sauka, maza gefe, mata gefe, a duba takardar shaida, a duba fuska, a sake duba takardar.

Kujerata tana bayan direba. Ya kalle ni ta madubi ya ce, "Ya Hajj, gida za ka duba?"

Na ce, "Gida."

Ya ce, "Kowa gida zai duba. Jiya na kai wani, ya tarar har wayar wuta ta cikin bango an zare. Da zai dawo ya ce mini sun bar masa ƙusoshi, alhamdu lillahi."

Mutum biyu suka yi dariya. Wata mata ta ja mayafinta ta rufe fuska.

Mun shiga Umdurman ta arewa ƙarfe sha biyu da kwata. Na hau raksha, wato keke mai ƙafa uku, zuwa unguwar Sawra, inda aka ce mini Daktora Ilham, malamar Uwani, tana zaune a gidan wanta. Na same ta a bakin wata katuwar tukunya a takiyya, wato wurin da unguwa take dafa abinci ɗaya a raba wa kowa, tana juya adas, miyar wani ƙaramin wake, da muciya. Da na faɗi ko ni wane ne, sai ta miƙa wa wata muciyar, ta goge hannu, ta tsaya ta ɗaga tafukanta muka karanta fatiha. Ba ta yi kuka ba, na kuwa ji daɗin haka.

A inuwar bango muka zauna. Na gaya mata abin da ya kawo ni. Ta ce, "Ya ammu," wato baffa, "ka san abin da ke cikin akwatin?"

Na sani, don ni na ƙera akwatunan, guda tara, da murfin gilashi, na shimfiɗa musu farin cikin karan dawa a ƙasa don allura ta kama. Abin da ke ciki malam-buɗe-littafi ne, amma ba mai adon nan da yara ke bi ba. Wannan ƙarami ne, bai fi gaɓar yatsa ba, launin ƙasa, kai babba, jiki kauri, ƙahonninsa biyu sun lanƙwasa a ƙarshe kamar ƙugiya. Ba ya lilo a iska kamar 'yan'uwansa, fizga yake yi, kafin ka ce ga shi ya ɓace. Tsutsarsa ciyawa take ci, takan naɗe ganyen ta ɓuya a ciki. Na yi shekara sittin ina taka ciyawar bakin kogi ban taɓa lura da shi ba sai da 'yata ta nuna mini.

Uwani ta taɓa yi mini bayani ina goge katako. Ta ce, "Baba, kamar mutane suke. Akwai ƙabila, cikin ƙabila akwai zuri'a, cikin zuri'a akwai gidaje." Zuri'ar da take aiki a kai ana kiranta Gegenes. Ta ce a da gidajen sun fi haka yawa, sai masana suka duba da kyau suka ga wasu ba 'yan asalin nan ba ne, suka fitar da su suka ba su zuri'a tasu. Waɗanda suka shafe mu biyu ne, pumilio da nostrodamus. Na farkon yana nan tun daga Gambiya, ya ratsa ƙasar Hausa, har ya iso Nilu. Na ce mata ashe hanyar kakana ya biyo. Ta ce, "Sai dai shi ba a tambaye shi takarda ba."

Daktora ta ƙara mini abin da ban sani ba. Ta ce a ido gidajen biyu kamar an tsaga kara suke. Sai an juya fiffiken baya: ɗaya yana da dogayen gashi a gefen gaba, ɗaya kuma nasa gajeru ne, yana da ɗigo-ɗigo masu haske a ƙasa. Uwani ta yi shekara uku tana kama su daga Kalakla zuwa tsibirin Tuti, don a san wanne ke zama a ina, a kuma wane wata. Tamanin da huɗu ne a akwati na bakwai. Sauran akwatunan takwas suna jami'a, wuta ta cinye ɗakin.

Ta ce, "Idan wannan ya zo, zan iya ƙarasa rubutun, ya fita da sunanta. Amma ka ji ni da kyau, ya ammu. Ƙarƙashin kowanne akwai 'yar takarda a jikin allurar, da wuri da rana da sunan wanda ya kama. Ko gilashi ya fashe, ko fiffike ya karye, ba komai. Kada dai takarda ta rabu da allurarta. Idan ta rabu, ƙwaro ne kawai."

Na ci adas da burodi a takiyyar, na kwana a zauren masallacin unguwar tare da wasu matafiya.

Rana ta biyu: Umdurman zuwa Alshajara

Ƙarfe bakwai na sami ƙaramar bas mai zuwa ƙetare. Daga Sawra zuwa Alshajara bai kai kilomita talatin ba, amma awa uku muka yi. Mun bi ta gefen babbar kasuwa, inda nake sayen hinji da makulli. Rumfunan sun yi baƙi, wasu mutane sun baza tumatir da albasa a ƙasa a gabansu. Muka hau gadar Farin Nilu. Ruwa ya cika, yana tafiyarsa kamar ba abin da ya faru. Ta hagu ana hango dogayen benayen Khartum, ba gilashi ko ɗaya.

Bayan gada, motoci ƙonannu a jere, ciyawa ta fito ta cikin tagoginsu. A wani filin ƙwallo na ga an jera tubala da guntayen allo a tsaye, na gane kaburbura ne. An sauke ni a babban titi ƙarfe goma, na taka sauran.

Gidana ba ƙofa. Ba zan lissafa abin da babu ba. Na wuce kai tsaye ɗakin aiki. An ɓalle allunan rufin duka, masu neman zinariya sun riga ni. Na taka benci na leƙa, na zura hannu har kafaɗa. Ƙura ce da kashin ɓera. Na sauko na zauna a kan bencin, ban san tsawon lokacin da na yi ba.

"Wane ne a gidan Usta?"

Usta suke ce mini a unguwa, wato gwanin sana'a. Muryar Faki Haruna ce, maƙwabcina, malamin allo, wanda ya haura tamanin. Ya ƙi fita tun farkon yaƙin, ya ce ƙafafunsa sun gama hijira tun yana yaro a gonakin Jazira. Ya rame har na ga ƙasusuwan wuyansa. Ya riƙe fuskata da hannu biyu ya matso da ita kusa da idonsa.

"Abdurrahman. Kai ne ko aljaninka?"

"Ni ne, Baba Faki."

"To aljanin ya fi ka ƙiba. Ina jikata?"

Na gaya masa. Ya saki fuskata, ya yi salati. Sannan ya ce, "Taso. Akwai amanarta a wurina."

A ɗakinsa ya janyo wani abu daga ƙarƙashin gado, naɗe da tsohon bargo. Akwatin ne. Na gane haɗin kusurwar, aikin hannuna. Gilashin ya tsage gefe ɗaya amma bai fita ba. Ya ce a tsakar gida suka jefar da shi da suka ga ba zinariya, shi kuma ya ɗauke bayan sun tafi. Har ƙwayoyin kafur ya nemo ya zuba don kada ƙwari su ci, domin ya taɓa ganin tana yin haka.

Na kai shi bakin ƙofa wurin haske. Suna nan a jere, layi bakwai, sha biyu-sha biyu, fikafikai a buɗe. Na ce alhamdu lillahi. Sai na lura ina ganin farin kara a ƙarƙashin kowanne. Ba takarda ko ɗaya.

Faki yana murmushi ya miƙo mini gwangwanin madara. "Ga sauran. Yarinya ce, ba ta lura ba, Allah ya gafarta mata. Da na sa tabarau na duba, sai na ga kowace takarda da sunanta da naka a baya da Larabci. Abdurrahman! Sunan Allah a ƙarƙashin mushe, an kuma soke shi da allura. Kwana uku na yi ina zare su ɗaya-ɗaya, ko fiffike ɗaya ban karya ba. Ƙirga ka gani."

Na buɗe gwangwanin. Ya sa musu ɗan turare. Kowace ba ta fi farce ba, da ƙaramin rubutunta, da hudar allura a tsakiya.

Ni ma haka aka rene ni. Ko a titi na ga takarda mai rubutu sai na ɗauka na soke ta a bango. Da ba 'yata ce ta koya mini ba, abin da zan yi ke nan. Na dubi tsohon nan da ya binne mutum goma sha ɗaya na layinmu da hannunsa, ya kuma zauna kwana uku yana wannan aiki da yunwa a cikinsa.

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Baba Faki. Ka riƙe amana."

Ya ce, "Haƙƙin maƙwabtaka ne."

Mun ci busasshiyar kisra, wato siririyar wainar dawa, da ruwan gishiri da albasa. Bayan la'asar ya kwanta, ni kuma na koma gidana da akwatin da gwangwanin. Na zube takardun a kan benci. Tamanin da huɗu cif. Kalakla, Tuti, Alshajara, Almugran. Na cire murfin. Na ce a raina, wa zai sani? Faki ba zai faɗa ba, don bai san an yi ɓarna ba. Daktora za ta karɓa, ta rubuta, ya fita da sunan Uwani, in cika alkawari.

Na zare allura ta farko, na soka mata takarda, na mayar. Na yi ta biyu. Na yi ta uku. Hannun kafinta ne, ba wanda zai gane. A ta huɗu takardar da na ɗauka ta ce Tuti, watan Satumba, sai na tuna ranar. Ni na raka ta, muka shiga kwalekwale. Ta kama ɗaya a bakin ruwa, muka dawo gida ta rasa tabbacin ko a gabashin tsibirin ne ko a yammaci, sai ta jefar da shi. Na yi mata faɗa, na ce wahalar yini guda. Ta ce, "Baba, kai idan katako ya gaza, kana cika shi da ƙasa ka shafa fenti?"

Na zare ukun da na sa, na mayar da su cikin gwangwani.

Rana ta uku: bakin kogi, sannan Umdurman

Bayan sallar asuba na yanki gefen gidan sauron Faki, da izininsa, na lanƙwasa waya, na ɗinke raga, na ɗaura a sandar tsintsiya. Ya tambaye ni me zan yi. Na ce zan ƙaro mata ɗaya. Ya ce, "Uban ma ya kamu. To ka bi sawun jakunan masu ɗebo ruwa, kada ka kauce ko taku ɗaya. Akwai dana, harsashin igwa, da ba ta fashe ba a cikin ciyawar nan, irinta ta cinye ƙafar wani a watan jiya."

Daga gida zuwa gaɓa tafiyar minti ashirin da biyar ce. Na isa bakwai da kwata. Ba a noma wurin ba tun da aka fara yaƙi, ciyawa ta kai ƙugu. Na tsaya a kan sawun jakuna yadda aka ce. Na yi rabin awa ban ga komai ba. Da rana ta ɗan ɗaga sai ga ɗaya a kan dutse, ya ɗaga fikafikan gaba, ya shimfiɗa na baya, yana shan hantsi. Na kai raga, ya fizge. Ya dawo kan dutsen nan dai. Uwani ta ce haka mazansu suke, ba sa barin wurin zamansu. Sau tara ina kai masa. Sau ɗaya na zame na faɗi da gwiwa a laka, hannuna ya sauka a wajen sawun, na daɗe ban motsa ba. A na goma ya shiga.

Na matse ƙirjinsa da yatsa biyu yadda take yi, ya daina motsi. Na ce Allah ya yafe mini. Na naɗe takarda mai kusurwa uku na sa shi, na rubuta a bayanta tun ina tsaye a wurin: Alshajara, gaɓar gabas, kusa da tsohon famfo, tara saura minti goma.

Na yi sallama da Faki ƙarfe goma. Na bar masa dabinon. Na ce ya biyo ni Shandi, ya ce wa zai tsare mini ƙusoshina.

A shingen bakin gada wani soja ya sa na kwance bargon. Ya duba, ya kira abokinsa. "Zo ka ga. Mutane na kwasar firji da talabijin, Hajj ya kwaso fara."

Na ce, "Kayan 'yata ne."

"Ina 'yar?"

Na ce, "Ta rasu."

Ya mayar da bargon da kansa, ya ɗaure bakin, ya yi mini gaisuwar ta'aziyya irin ta nan, ya ce, "Albaraka fikum. Wuce."

Na isa wurin Daktora ƙarfe biyu. Na ajiye akwatin a gabanta, na ajiye gwangwanin a gefensa, na faɗi yadda aka yi, har da ukun da na soka na zare. Ta buɗe gwangwanin, ƙamshin turaren ya fito. Ta rufe bakinta da hannu. Wannan karon ta yi kuka, ni kuma na kalli bango har ta gama.

Na ce, "Ba yadda za a yi?"

Ta ce, "Zan iya gaya maka gidan kowanne. Amma inda aka kama shi da ranar, ita kaɗai ta sani. Rubutun ba zai fita ba, ya ammu. Ba zan yi maka ƙarya ba." Ta juya takardun da yatsa. "Waɗannan dai sun nuna inda ta taka da watan da ta je. Wanda zai sake aikin ba zai yi lalube ba. Amma daga farko za a fara."

Sai na ciro 'yar takardar daga aljihu na ba ta. Ta buɗe a hankali, ta karanta abin da na rubuta, ta dube ni. Ta shiga ɗaki ta fito da madubin ƙara girma, shi kaɗai ta tsira da shi. Ta juya fiffiken baya ta ce in leƙa. Na ga gashin, dogaye, a jere kamar gezar tabarma.

"Nostrodamus ne, namiji. Wannan yana da shaida." Ta zare allura ɗaya daga akwatin, ta yanki takarda kamar farce, ta rubuta wuri da rana. Ta tsaya. "Sunan wanda ya kama?"

Na ce, "Ki sa nata."

Ta ce, "Ba ita ta kama ba."

Na ce, "Ita ta koya mini. Ragar ma irin tata ce."

"Na sani. Amma ba ita ta kama ba. Kai ma ka san abin da za ta ce."

Na sani. Na ce kuma kada ta sa Abdurrahman, don Faki yana da gaskiyarsa. A nan ƙasar ana kiran mutum da sunan ɗansa na fari, Abu wane, wato uban wane, kuma haka abokan aikina Larabawa suke kirana shekara ashirin da bakwai, ina amsawa, ban taɓa maimaitawa ba. Na ce ta ba ni alƙalamin. Takardar ta yi wa yatsuna ƙanƙanta. Na rubuta Abu, na tsaya, sannan na rubuta sunan.

Daktora ta karanta a zuci. Ta ce, "Wannan gaskiya ne." Ta soka takardar a ƙarƙashinsa, ta kafa shi a kusurwar akwatin, nesa kaɗan da sauran.

Rana ta huɗu: komawa

Bas ta tashi daga Umdurman ƙarfe shida da rabi. Shingen nan bakwai suna nan. Ban ɗauko komai ba sai sandar tsintsiya da ragarta, wadda ta sa aka yi mini tambaya sau uku. Mun ƙetare gadar Matamma ƙarfe ɗaya, na shiga makaranta ana kiran azahar.

Rabi tana wanki. Ta dubi hannuna ta ce, "Ka same shi?"

Na ce, "Na same shi, na kai. Aikin bai tsira ba." Na zauna na ba ta labari tun daga farko. Da na zo kan takardar ƙarshe sai ta tsame hannunta daga ruwa.

"Ka rubuta? Da hannunka?"

Na ce, "Da hannuna."

Ita ma ba ta taɓa furta shi ba. Ta ce, "Ya yi kyau a rubuce?"

Na ce, "Ya yi kyau."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Ina gode wa Daktora da ba ta yi mini ƙarya ba, da Faki Haruna da ya riƙe amana iyakar saninsa, ina kuma roƙon duk wanda ya karanta wannan kada ya kai masa labarin. Wanda ya san Uwani ya yi mata addu'a. Sunanta ba zan sa shi a nan ba. Yana Umdurman, a ƙarƙashin allura.